Wayar Hannu Ta Zama Ɗan Jagora A Titunan Legas

LEGAS: Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, kuma a duk faɗin Nijeriya babu garin da ya kai Legas tabbatar da wannan magana. Ɗan kasuwar da ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da safe, da niyyar ya sari atamfa a Balogun, ya leƙa Alaba don kayan lantarki, sa'an nan ya kwana a Agege wajen mai masaukinsa, a da sai ya tanadi abubuwa uku: ɗan jagoran da ya san gari, bakin ciniki da direbobin tasi, da haƙurin zama cikin gosulo. A yau biyu daga cikin ukun nan sun koma cikin wayar da ke aljihunsa. Haƙurin ne kaɗai har yanzu ba a ƙera na'urar da za ta ɗauke wa mutum shi ba.

Manhajojin da ake amfani da su wajen zirga-zirga a birnin sun kasu gida uku. Akwai na taswira, masu nuna hanya da inda cunkoso yake. Akwai na kiran mota, masu haɗa fasinja da direba. Akwai kuma na biyan kuɗin motocin safa da jiragen ƙasa da na ruwa na gwamnatin jiha. A cikin shekaru goma da 'yan kai an zuba wa wannan harka jarin miliyoyin daloli. Wasu sun ci riba, wasu sun tafka hasara, kuma dalilan da suka raba su abin lura ne ga duk mai tunanin sa kuɗinsa a sufuri.

Yadda garin yake

Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙanta a Nijeriya wajen faɗin ƙasa, kuma ruwa ya cinye wani babban sashe nata, amma ƙiyasin gwamnatin jihar ya nuna mazauna cikinta sun haura miliyan 20. Manyan ofisoshi da bankuna da tsofaffin kasuwanni suna kan tsibirai, yawancin ma'aikata kuwa suna kwana a tudu. Gadoji uku ne ke ɗaukar wannan taro safe da yamma, watau gadar Carter, da gadar Eko, da gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8 wadda aka buɗe a 1990. Mayar da hedkwatar ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991 bai rage komai ba, domin tasoshin jiragen ruwa na Apapa da masana'antun Ikeja suna nan inda suke.

Shekara da shekaru ƙananan motocin bas masu ruwan ɗorawa da ake kira danfo su ne ƙashin bayan sufurin birnin, tare da 'yan acaɓa da kekunan Marwa, waɗanda suka samo sunansu daga Buba Marwa, gwamnan soja na jihar daga 1996 zuwa 1999. Danfo ba ta da jadawalin tashi, ba ta da tsayayyen farashi. Kuɗin mota yakan tashi idan hadari ya haɗo, ya sake tashi idan magariba ta gabato. Wanda bai iya sauraren kiran kwandasta ba yana iya shiga motar Oshodi alhali Ojota ya nufa.

A ilmin tattalin arziki rashin sani ma tsada ne. Wanda bai san hanya ba yana biya da lokacinsa, wanda bai san farashi ba yana biya da kuɗinsa. Wannan giɓin ne kamfanonin manhaja suka hango. Ba su gina titi ko ɗaya ba, labari suke sayarwa: ina mota take, nawa ne kuɗinta, wace hanya ce a buɗe.

Abin bai yiwu ba sai da abubuwa biyu suka haɗu. A watan Mayu na 2000 Amurka ta daina rage ingancin saƙon taurarinta na ɗan'adam masu nuna wuri ga farar hula. A watan Agusta na 2001 kuma aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya, ƙasar da kafin nan layukan tarho masu aiki a cikinta ba su kai rabin miliyan ba. Da wayoyin zamani masu intanet suka yi araha, sai kowane fasinja da kowane direba ya zama ana iya ganin inda yake a kan taswira.

Taswirar da ke magana

Manhajar taswira kamar Google Maps tana sanin halin da titi yake ciki ne ta hanyar wayoyin mutanen da ke kan titin. Idan ɗaruruwan wayoyi a titin Ikorodu suna tafiyar hawainiya, sai titin ya koma ja a fuskar waya, manhajar kuma ta ba da wata hanyar tare da ƙiyasin mintocin da za a ɓata. A 2017 kamfanin Google ya sa hotunan titunan Legas a cikin taswirarsa, yadda mutum zai ga ƙofar shagon da ya nufa tun yana Kano ko Sakkwato. A watan Yuli na 2019 ya ba da sanarwar ƙara hanyoyin danfo, da hanyar masu babur, da muryar jagora mai karin harshen 'yan Nijeriya.

Ga ɗan kasuwa amfanin wannan a fili yake. Mai alkawari da wakilin fiton kaya a Apapa yana iya duba waya ya san ko ya fita yanzu ko ya jira. Mai aika yaro da kaya yana iya ganin inda ya kai. Sai dai taswirar ba ta san komai ba. Unguwanni da yawa lambobin gidajensu ba a jere suke ba, wasu layuka ana kulle ƙofofinsu da dare, wasu kuma ruwa yakan shanye su da damina. Mafi hatsari shi ne titi mai hannu ɗaya. Dokar sufuri ta jihar ta 2018 ta tanadi ƙwace motar wanda ya bi hannun da aka hana, kuma jami'an LASTMA ba sa karɓar uzurin cewa waya ce ta nuna hanyar. Saboda haka tsofaffin direbobi sukan dubi waya, su kuma dubi allon titi, idan sun yi shakka su tsaya su tambaya.

Masu haɗa fasinja da direba

Kamfanin Uber na Amurka ya fara aiki a Legas a 2014, ya shiga Abuja a 2016. A shekarar 2016 ɗin ne kuma Taxify na ƙasar Estoniya ya iso, wanda ya sake suna zuwa Bolt a 2019. Tsarinsu iri ɗaya ne. Kamfani ba ya mallakar mota, ba ya biyan direba albashi. Yana haɗa mai neman mota da direban da ya fi kusa da shi, ya yanke kuɗin tafiya bisa nisa da lokaci, sa'an nan ya cire kamashonsa, wanda ya kan kama daga kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari.

Fasinja ya sami abin da tasi ta da ba ta ba shi ba. Yana ganin sunan direba da lambar mota kafin ya shiga, yana ganin farashi kafin a tashi, yana iya tura wa ɗan'uwansa hanyar da ake bi da shi, kuma yana samun rasit da zai kai wa akanta. A birnin da ake fama da 'yan fashin da ke shigar burtu a matsayin motar haya, waɗanda mutanen gari ke kira wan-cans, sanin wanda ya ɗauke ka ba ƙaramin abu ba ne.

Farashin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Idan masu neman mota suka fi motocin da ke kusa yawa, kamar lokacin tashi daga aiki ko sa'ad da ruwa ya sauko, manhajar takan ɗaga kuɗi da kanta don ta jawo direbobi zuwa wurin, ta kuma sa marasa gaggawa su dakata. Abin da kwandastan danfo ya daɗe yana yi da baki ke nan, sai dai yanzu kwamfuta ce ke yi da lissafi.

A 2019 kamfanin inDrive, wanda asalinsa daga birnin Yakutsk na Rasha ne, ya shigo da wani salo da ɗan kasuwar Nijeriya ya riga ya saba da shi. Fasinja ne ke taya tafiya, direbobin da ke kusa su sallama, ko su ce albarka su faɗi nasu farashin. Da yake kamashonsa bai kai na sauran ba, direbobi da yawa sun karkata gare shi, kuma ya zama al'ada a ga direba ɗaya da manhaja biyu ko uku a buɗe, yana zaɓen wadda ta fi tsoka.

Lissafin direba da mai mota

Duk wannan harka a wuyan direba take rataye, kuma shi ne ya fi jin jiki. Direbobi da yawa ba su ne masu motocin ba. Wasu suna karɓa daga hannun masu jari suna kai balas duk mako. Wasu suna biya kaɗan-kaɗan har motar ta zama tasu, irin tsarin da kamfanin Moove ya fito da shi bayan kafa shi a Legas a 2020, inda yake ba direbobin Uber sababbin ƙananan motoci ƙirar Suzuki. A watan Maris na 2024 Moove ya tara jarin dala miliyan 100, Uber na cikin waɗanda suka zuba.

A ƙaddara tafiya ta Naira 10,000 ce, kamasho kuma kashi 25 cikin ɗari. Kamfani ya ɗauki 2,500 tun kafin kuɗin ya taɓa hannun direba. Daga 7,500 da suka rage za a sayi mai, a ware balas, a sayi data, a tanadi kuɗin baƙin mai da taya da bakanike. Bugu da ƙari akwai tafiyar da ba wanda ke biya, watau nisan da direba ke yi fanko kafin ya isa wurin fasinja, da wanda zai yi idan an kai shi unguwar da ba zai sami mai dawowa ba. Kamashon kamfani yana fita ne daga jimlar kuɗi, ba daga riba ba, saboda haka duk tsadar da ta ƙaru direba da mai mota ne ke haɗiye ta.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ran 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa kimanin Naira 185 a gidajen man NNPC na Legas ta koma 488 cikin 'yan kwanaki, ta kai kusan 1,000 a watan Oktoba na 2024. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Da yake motoci da kayan gyaransu daga waje ake shigo da su, kuɗin tokumbo da na safaya suka bi dala.

Ƙungiyar direbobin manhaja, wadda Gwamnatin Tarayya ta yi wa rajista a 2023, ta kira yajin aiki a watan Yuni na shekarar, tana neman a ƙara kuɗin tafiya a kuma rage kamasho. Kamfanonin sun ƙara farashi, amma sun yi taka-tsantsan, domin fasinjan da albashinsa bai motsa ba yana iya komawa danfo. Daga nan wasu ɗabi'u suka yawaita: direba ya kira ya tambayi inda za a je kafin ya taso, ya kashe na'urar sanyaya mota don tsimin mai, ko ya roƙi fasinja a soke tafiyar a manhaja a yi ciniki a baki. Wannan na ƙarshe yana hana kamfani kamashonsa, amma yana kuma raba fasinja da shaidar wanda ya ɗauke shi, wadda ita ce dalilin kiran motar tun farko.

Darasin acaɓa

Babu inda aka ga hatsarin wannan harka kamar ɓangaren babura. Acaɓa, wadda mutanen Legas ke kira okada, ita ce ke ratsa gosulo, kuma dubban matasa daga Arewa suna cin abinci da ita a birnin, musamman bayan hana ta a tsakiyar Abuja a 2006 da kuma Kano a 2013. Kamfanoni uku suka ga dama a nan: MAX, da Gokada wanda ya fara a 2018, da ORide na kamfanin OPay wanda ya fito a 2019. Suka sayi manyan babura, suka horar da matuƙa, suka ba su hular kwano har da ta fasinja. A 2019 Gokada ya tara dala miliyan 5.3, MAX ya tara miliyan 7, OPay kuma ya tara miliyan 170 a zubi biyu don dukkan harkokinsa.

Dogaronsu a kan dokar 2018 ne, wadda ta hana baburan da ƙarfin injinsu bai kai 200 ba hawa manyan tituna. Nasu sun kai, don haka suka ɗauka sun tsira. Ran 1 ga Fabrairu, 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa da keke a ƙananan hukumomi shida, watau Apapa, Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, da manyan tituna da gadoji, tana kafa hujja da yawan haɗurra da matsalar tsaro. Ba a ware masu manhaja ba. Waɗannan kuwa su ne unguwannin da masu iya biya suke.

Gokada ya sallami ma'aikata ya koma kai saƙo. OPay ya rufe ORide a tsakiyar 2020 ya mai da hankali ga hada-hadar kuɗi, inda daga baya ya bunƙasa. MAX ya karkata ga ba da babura bashi da faɗaɗa aiki a wasu garuruwa. A watan Yuni na 2022 aka sake jaddada hanin, a watan Satumba aka ƙara ƙananan hukumomi huɗu. Kasuwar ba ta rasa masu saye ba, fasahar ba ta gaza ba, sanarwa ɗaya ce daga Alausa ta rushe lissafin.

Gwamnati a matsayin alƙali da ɗan wasa

A watan Agusta na 2020 jihar ta fito da ƙa'idojin motocin manhaja. Da farko an nemi kashi 10 cikin ɗari na kowace tafiya, bayan tattaunawa da kamfanonin aka tsaya a kan Naira 20 ga kowace tafiya don gyaran tituna, ban da kuɗin lasin. A watan Maris na 2022 kuma jihar ta ƙaddamar da nata tsarin mai suna LagRide, da sababbin motoci 1,000 ƙirar GAC ta ƙasar Sin. Ke nan mai kafa doka ya zama abokin gasa.

Sai dai inda hannun gwamnati ya fi tasiri shi ne sufurin jama'a. Motar manhaja mutum ɗaya ko biyu take ɗauka, tana cin fili a titi daidai da kowace mota, don haka ba ta rage cunkoso. Hukumar LAMATA ta fara motocin BRT masu hanyarsu ta daban a watan Maris na 2008 daga Mile 12 zuwa CMS. Jirgin ƙasa mai aiki da lantarki daga Marina zuwa Mile 2, mai nisan kilomita 13, ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023. Na biyu, daga Agbado zuwa Oyingbo, mai kilomita 27, wanda ke tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi, ya fara a watan Oktoba na 2024. Katin Cowry da aka fito da shi a 2020 shi ne tikitin waɗannan duka har da jiragen ruwan gwamnati, kuma ana iya zuba masa kuɗi ta waya. Da jihar ta rage kuɗin sufurinta da rabi a watan Agusta na 2023 don rage raɗaɗin tsadar mai, ta wannan katin rangwamen ya isa ga fasinja kai tsaye.

Akwai kuma masu bin tsakiya, irin su Shuttlers da aka kafa a 2016, inda ma'aikaci ke kama kujera a bas ta waya, a kan hanya da lokaci tsayayyu. Kuɗinta ya fi na danfo, amma bai kai na tasi ba.

Abin da mai jari zai auna

Ga baƙon da ya zo sari, ƙa'idojin kaɗan ne. Ya gwada farashi a manhaja fiye da ɗaya, ya tabbatar lambar motar da ta tsaya ita ce a wayarsa, kada ya yarda a soke tafiya a koma cinikin baki, musamman idan yana ɗauke da kuɗi ko kaya. Ya riƙe abin cajin waya, domin wayar da ta mutu a Mile 2 da dare ta mayar da shi makahon da yake tun farko. Idan hanyarsa ta dace da jirgi ko BRT, kati ya fi masa sauƙi da sauri.

Ga mai son sayen motoci ya ba direbobi kuwa, lissafin ya fi zurfi. Farashin tafiya da kamasho duk a hannun kamfani suke, yana iya sauya su ba tare da shawara da shi ba. Yana kuma iya rufe asusun direba, motar ta kwana a gida. Kuɗin shiga da Naira ne, kuɗin gyara da na sabuwar mota suna bin dala. Balas ɗin da ake karɓa duk mako ba riba ba ne tukuna, sai an cire lalacewar motar da ke yini a cikin ramuka da gosulo, da inshora, da kwanakin da za ta yi a gareji. Wanda bai ware kuɗin sayen wata motar daga cikin balas ba, uwar kuɗinsa yake ci yana zaton riba ce. Wasu masu motoci sun koma amfani da iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta fara ƙarfafawa tun 2023, amma wannan ma sai an duba kuɗin sauya inji da nisan gidajen da ke sayar da gas ɗin.

Abin da ya sami kamfanonin babura ya ƙara ƙa'ida ta ƙarshe. Kafin a sayi mota ko babur ko keke don wannan harka, a Legas ne ko Abuja ko Fatakwal, a karanta dokar sufurin jihar da ake ciki, a kuma tambayi abin da za a yi da abin hawan idan aka wayi gari an hana shi ɗaukar fasinja.